"Shi Ya Fara": Ƙananan Labarai a Tarihin Kano

Wani malamin tarihi ya taɓa cewa a gabana, labaran "ko kun san?" da ake ji a rediyo hirar teburin mai shayi ce kawai. A wurinsa tarihi shi ne yaƙi da sarauta da dalilan rushewar dauloli. Ban yarda ba a ranar, har yau ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin littafin da shi kansa yake karantarwa.

Fannin nan tsoho ne. Larabawa suna ce masa awa'il, wato farkon abubuwa. Abu Hilal al-Askari ya yi masa littafi sukutum tun ƙarni na 10, Suyuɗi ya zo ya taƙaita ya ƙara, kuma Suyuɗin nan ne ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa. Ga shi kuma mun tarar da salon a Tarihin Kano, littafin Larabcin nan da ya jero sarakuna tun daga Bagauda, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, daga baya aka buga shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Dabarar da nake so a littafin ita ce ta "shi ya fara". Marubucin zai yi ta zayyano yaƙe-yaƙen sarki, wane ya ci gari kaza, wane ya kwana bakwai a bakin ganuwa, sai ya tsaya cak ya faɗi abin da ya fara shigowa ƙasar a zamanin. Ya ce Kananeji ne ya fara lifidi da kwalkwali da sulke. Ya ce Abdullahi Burja ne ya fara mallakar raƙuma, shi ne kuma ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Jimla ɗaya ce, babu ado, babu sharhi, ya wuce abinsa. Ƙarfinta yana cikin abin da ba ta furta ba: duk wanda ya gaya maka ranar da abu ya zo, ya gaya maka akwai zamanin da babu shi.

Ɗauki batun wuri. Littafin ya ce a zamanin Muhammadu Sharefa, wanda aka lissafa mulkinsa daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara zuwa ƙasar Hausa. Ka tsaya ka auna wannan. Kalmar "kuɗi" da take bakinmu safe da yamma jam'in wuri ce. Kasuwar Kurmi kuwa tun zamanin Sarki Rumfa take, a ƙarni na 15. Ke nan ta shafe fiye da shekara 200 tana ci kafin abin da ya ba kuɗi sunansa ya iso. To da me ake ciniki? Tambayar kaɗai ta isa ta tura ɗalibi ya binciko gabagar Barno, ƙyallen saƙin nan da ake saye da sayarwa da shi. Shi kuma wurin, ƙwanson wata 'yar halittar ruwa ne daga tsibiran Maldib a tekun Indiya. Jiragen Turawa suka riƙa jibge shi a gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka hauro da shi arewa. Lokacin da Baturen matafiyin nan Barth ya zo Kano a 1851, dala guda wuri 2,500 ce, kuma da hannu ake ƙirga shi, biyar-biyar. Ina yaro na sha zazzage wata kwalla a ɗakin kakata, in tarar da wuri a ƙasanta, ya yi ja don tsufa, bayansa a fashe inda ake zura zare. Ban san ina riƙe da abin da ya keto teku biyu ba sai da jimlar nan ta Sharefa ta sa na bi sawunsa.

Masu suka za su ce littafin yana da kurakurai, su kawo misalin Amina ta Zazzau, wadda ya sa a zamanin Sarki Dauda alhali wasu suna kai ta ƙarni na 16. Su je su yi ta gardamar shekaru. Abin da ya dame ni shi ne marubucin ya ajiye mana cewa Sarkin Nupe ya aiko mata goro 10,000, kuma ita ce ta fara samun goro a ƙasar Hausa. Goron nan da ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai an raba shi, ashe baƙo ne, an ma san ƙofar da ya shigo.

Wannan shi ne abin da malamin tarihin nan ya kasa gani. Yawancin abin da muke rantsuwa gadon kaka da kakanni ne, wani ne ya kawo shi wata rana, mutane suka taru suna kallo. Labarin yaƙi yana nuna maka wanda ya ci wani, amma ƙaramin labari ne yake nuna yadda Bahaushe ya karɓi kayan Nupe da Barno da Azbin da Gwanja ya mayar da su nasa. Ko kakakin da ake busa wa sarki ran hawan Sallah, littafin ya jera shi cikin abubuwa goma sha biyu da Rumfa ya fara, tare da figini da kulle.