Maimaici a littafin farko na Magana Jari Ce

Littafin farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta, aka buga a Zariya cikin 1937, an gina shi ne bisa abu ɗaya mai dawowa kowane dare. Musa ɗan Sarki Abdurrahman ya ɗaura niyyar fita daga gida, aku ya tare shi da labari, kafin labarin ya ƙare lokacin fita ya wuce. Kashegari haka. Mai karatu ya san a waje akwai makircin Waziri, saboda haka duk daren da aku ya ci nasara, kwana ɗaya ne aka ƙara wa yaron.

An sha kwatanta wannan tsari da na Dare Dubu da Ɗaya, kuma kwatancin yana da hujja, amma akwai bambanci. Shaharzad takan yanke labari a tsakiya domin sarki ya ƙagara ya ji saura. Akun Imam kuwa yakan kai labarinsa ƙarshe a zama guda. Abin da ya rage a rataye shi ne Musa kansa: gobe zai saurara ko ba zai saurara ba? A ganinmu nan ne gwanintar littafin take, fiye da labaran ɗaiɗai, waɗanda da yawansu aro ne daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, aka sa musu rigar Hausa.

Wannan ya shafi masu shirya littattafan yaƙi da jahilci kai tsaye. Manomin da ya fara haɗa baƙaƙe bana ba ya iya riƙe rabin labari har mako mai zuwa. Yana bukatar abin da zai gama kafin a tashi daga aji. Yana kuma bukatar kalmomin da ya riga ya sani su sake tarar da shi a kan sabon shafi, sunan Musa, da aku, da fada, da dare, don ya huta a kansu kafin ya shiga baƙin kalmomi. Ga shi kuwa idan ana tsamo labarai domin ƙananan littattafai, wannan shimfiɗa ce ake fara zubarwa, wai don tsimin takarda. Haka ake yi wa tatsuniya in an juyo ta daga rakoda: Gizo ya je wuri uku ya faɗi magana iri ɗaya, mai rubutu ya bar ɗaya ya share biyu, ya sa "da sauransu".