Zanen Duwatsu da Allin Launi a Ƙasar Dutse

Malaman fiƙihu sun yi saɓani mai tsawo game da hukuncin sura, amma mafi yawansu sun halatta zanen abin da ba shi da rai, domin ya inganta cikin Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya umurci wani mai sana'ar sura da ya koma ga itatuwa da makamantansu. Abin mamaki shi ne, duk da wannan rangwame, hikimar Bahaushe ta karkata ga zayyanar allo da dagin soro da aikin wuyan riga, ta bar tsauni da jigawa da fadama ba mai zama gabansu ya kwaikwayi siffarsu. Hatta mutanen da, waɗanda suka yi zane da jan launi a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu, zanen da Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, shanu suka zana a jikin dutsen, ba su zana dutsen kansa ba.

A ganina babu kayan aikin da ya dace da cike wannan giɓi kamar allin launi, wanda Turawa ke kira fastel. Asalinsa garin launi ne da ake kwaɓawa da ɗan ƙaro, a mulmula, a shanya, sa'an nan a goga shi a takarda mai kaushi ba ruwa ba mai. Rosalba Carriera ta birnin Benis ce ta ɗaukaka shi a ƙarni na 18 wajen zanen fuskokin manya, kafin Eugène Boudin na Faransa ya fita da shi bakin teku a ƙarni na 19 yana kama siffar gajimare tun bai sauya ba. Mu kuwa hujjarmu ta fi tasu ƙarfi, saboda a hunturu launin ruwa yakan bushe a bakin buroshi tun mai zane bai kai ga muradinsa ba, fentin mai kuma ya kwashe ƙurar da iska ta ɗebo, alhali fastel shi kansa ƙura ne, kuma ƙaro da jar ƙasa da farar ƙasa duk albarkatun jihar da Dutse ke ciki ne.

Wanda ya zauna da hantsi daura da duwatsun da suka kewaye Garu, inda tsohuwar fadar Dutse take, dabino na ƙarƙashinsu, zai fara gane cewa idonsa ya daɗe yana yi masa gaggawar hukunci. Inuwar da ke tsakanin falalen dutse da wanda ya hau kansa, wadda kowa zai rantse baƙa ce, shuɗi ne da ja-ja a gauraye. Baƙi na haƙiƙa sai a layukan da ruwan damina ya bari yana gangarowa shekara da shekaru. Tsaunin da ke nesa kuwa hazo ya shanye gefensa, har ba a iya cewa ga inda ya ƙare ga inda sama ta fara, kuma a nan ne murzawa da ɗan yatsa ke yin abin da alƙalami ba zai taɓa yi ba. Ƙa'idar aikin ita ce a fara da nesa a zo kusa, a shimfiɗa masu duhu kafin masu haske, a kuma tsayar da iyakar inuwa tun farko, domin rana ba ta jiran kowa, bayan sa'a biyu dutsen ya zama wani dutse dabam. Wannan ne ya sa nake fifita zama a fili bisa kwafar hoton waya, wanda ke mayar da kowace inuwa baƙin toka.

Sai dai fannin yana da illarsa, wadda bai kamata a ɓoye ba. Launin ba ya shiga takarda, a samanta yake kwance, hannun riga kawai ya isa ya shafe aikin yini. Maganin da ake fesawa don ya kama shi yana dusashe haskensa, laimar damina kuma tana sa takardar fumfuna. Dole mai zane ya jingina allonsa a tsaye domin gari ya zuba ƙasa, ya rufe aikin da takarda mai santsi kafin ya hau babur, in ya isa gida ya sa shi bayan gilashi tare da barin 'yar tazara tsakaninsu.