Mahayi ko Mahayiya? Jinsi da gadon sarauta cikin filim ɗin Whale Rider

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala tsokaci ce a kan filim ɗin Whale Rider, wanda Niki Caro ta shirya a ƙasar Niyu Zilan, ya fito a shekarar 2002, aka ɗauko labarinsa daga littafin Witi Ihimaera na 1987. Abin da ya ja hankalinmu matsala ce ta fassara. Sunan filim ɗin da Ingilishi bai nuna namiji ko mace ba: yana nufin wanda ke hawan ƙaton kifin nan na teku, baleine da Faransanci, tohora a harshen Maori. Da aka kai shi Faransa sai aka raɗa masa Paï : l'élue d'un peuple nouveau, wato aka shaida wa mai kallo tun daga bakin ƙofa cewa mace ce, kuma zaɓaɓɓiya ce. Bahaushe ma ba shi da mafita: ko ya ce mahayi, ko ya ce mahayiya. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa wannan gurbi da sunan ya bari a buɗe shi ne ainihin jigon labarin, kuma filim ɗin ya cike shi ta hanyar da ta rage wa tarihin Maori wani abu.

2. Labarin a taƙaice

Labarin yana gudana a Whangara, ƙauye a gaɓar gabas ta Tsibirin Arewa, cikin ƙasar ƙabilar Ngati Porou. Mutanen wurin suna danganta asalinsu ga Paikea, kakan da aka ce ya iso daga Hawaiki a bayan tohora. Dattijo Koro yana jiran magaji ta wajen ɗansa na fari. Aka haifi tagwaye. Namijin da uwar suka rasu, macen ta rayu, uban kuma ya sa mata sunan Paikea ba da son Koro ba. Da Koro ya fid da rai, sai ya tara yara maza ƴan fari a marae, wato dandalin taron dangi, yana koya musu waƙoƙin kakanni da wasan taiaha, sandar yaƙi. Ya hana Pai. Ita kuwa ta koyi taiaha a ɓoye wajen ƙanen babanta, ta tsamo haƙorin tohora da Koro ya jefa cikin teku, abin da ya gagari dukan mazan. Daga ƙarshe garken tohora ya maƙale a gaɓa; Pai ta hau babbansu ta mai da su ruwa, ta kusa halaka, sa'an nan ne kakan ya amince da ita.

3. Abin da nahawu ya ce, da abin da bai ce ba

A harshen Maori wakilin suna na mutum na uku tilo ɗaya ne, ia, ya haɗa abin da Hausa ta raba zuwa shi da ita. Kalmar rangatira, shugaba, ba ta sake siga in mace ake nufi, saɓanin Hausa inda muke da sarki da sarauniya, magaji da magajiya. Ke nan wanda ya ce da Maori ana jiran rangatira, nahawu bai tilasta masa ya ce ɗa ko ɗiya ba. Amma mafi yawan hirar filim ɗin da Ingilishi ake yin ta, harshen da ke tilasta zaɓi tsakanin he da she.

Sai dai ya kamata mu yi hattara, musamman ɗalibanmu masu saurin ɗora al'ada a kan nahawu. Zabarmanci ma wakilin suna ɗaya yake da shi, a, ga namiji da mace, amma wannan bai sa an daina bambanta matsayinsu a cikin gida ko a fada ba. Maori kuma yana nuna jinsi a wani wurin: mace tana kiran ɗan'uwanta namiji tungane, namiji yana kiran ƴar'uwarsa tuahine. Abin da za mu iya faɗa kawai shi ne, hanin da Koro ya yi ba daga harshe ya fito ba. Fassara ce da mutum ɗaya ya yi wa gado.

4. Rabon aiki tsakanin harsuna biyu

A cikin filim ɗin Ingilishi ya ɗauki hirar gida, da barkwanci, da gardama. An keɓe wa Maori kirari da waƙa da addu'a. Illar wannan rabo ita ce baƙon mai kallo yana iya ɗaukar Maori a matsayin harshen tsoho mai hani. Amma akwai fage guda da ya warware wannan, kuma a ganinmu shi ne mafi kyau. Ranar buɗe makarantar yaran, kaka Nanny Flowers ce ta yi karanga, kiran maraba da mata kaɗai ke yi, Pai kuma ta amsa tana gaban jerin mazan. Ba a shiga marae sai da muryar mace. Nan take kuma Koro ya ce Pai ta koma kujerar baya. Cikin ƴan mintoci Caro ta nuna cewa al'adar da ke buƙatar muryar yarinyar ita ce aka riƙe hujja don mai da ita baya.

5. Inda filim ɗin ya gaza

Ngati Porou na cikin ƙabilun Maori da aka sani da shugabanni mata. Akwai zuriyoyi a cikinta masu ɗauke da sunan kaka mace, kamar Te Whanau a Ruataupare. Hinematioro, wadda ta rasu a 1823, tana cikin mafi ɗaukakar mutanen wannan gaɓa a zamaninta. Mihi Kotukutuku (1870-1956) ta tsaya ta yi jawabi a marae na wata ƙabila duk da hanin dattawan wurin. A yankin Waikato kuma, Te Atairangikaahu ta riƙe sarautar Maori daga 1966 zuwa 2006. Filim ɗin bai ba wannan tarihi muhimmanci ba. Ya gwammace mu'ujiza: sai Pai ta fi dukan maza, sai tohora ya zaɓe ta, sai ta leƙa kabari, kana a yarda da ita. Darasin da ke fita shi ne mace tana gadon sarauta in ta zama abin al'ajabi. Wannan ya saɓa wa jawabin da ita kanta ta yi a bikin makaranta, inda ta nemi a baza ilimi ga kowa domin shugabanni su yawaita. Sunan Faransanci, l'élue, ya ƙara danne wannan buri.

6. Kammalawa

Ba mu musa ƙarfin filim ɗin ba. Rawiri Paratene ya fito da Koro a matsayin mutumin da tsoron yankewar zuriya ya taurara, ba azzalumi ba, Keisha Castle-Hughes kuwa ta shiga jerin ƴan takarar kyautar Oscar a 2004 tana da shekara 13. Amma mai nazari ya kamata ya raba abin da al'ada ta hana da abin da mai riƙon al'ada ya hana. Ga wanda zai juya filim ɗin zuwa Hausa, shawararmu ita ce ya kauce wa mahayi da mahayiya, ya ce Hawan Tohora, domin sunan aiki bai da ruwa da jinsin mai aikin, ya bar mai kallo ya gano da kansa.