Mazhabobi Shida a Fage Ɗaya: Nazari a kan Capcom vs. SNK 2

Masu sukar wasannin faɗa na bidiyo waɗanda ke tara jaruman kamfanoni biyu a fage ɗaya sun daɗe suna kafa hujja guda, wai abin ba kome ba ne face dabarar fatake: a ɗebo sanannun fuskoki daga nan da can, a jera su a bayan kwali, a karɓe kuɗin masoya. Zargin yana da gindi a waɗansu wurare, domin Street Fighter X Tekken na 2012, wanda aka kulle waɗansu jarumansa a cikin faifan da mutum ya riga ya saya har sai ya ƙara biya, ya cancanci abin da aka faɗa a kansa. Amma wanda ya shimfiɗa wannan hukunci har ya rufa da Capcom vs. SNK 2, to ya yanke shari'a ne bai ji ta bakin wanda ake tuhuma ba.

Asalin husumar da ke tsakanin Capcom da SNK sananne ne. Kamfanonin biyu na yankin Osaka ne a Japan, kuma Takashi Nishiyama, wanda ya ƙago wa Capcom Street Fighter na farko a 1987, shi ne ya sauya sheƙa zuwa SNK ya fitar da Fatal Fury a 1991, shekarar da Street Fighter II ya mamaye gidajen wasa. Da SNK ya kawo Ryo Sakazaki, mai kama da Ryu na Street Fighter a suna da salon faɗa, sai Capcom ya mayar da martani a 1995 da Dan Hibiki, raggon jarumin da aka ƙaga don izgili kawai. Bayan sulhu, wasan haɗaka na farko daga Capcom ya fito a 2000, na biyu a 2001, shekarar da SNK ya karye.

Abin da ya ɗaukaka na biyun shi ne, kafin ɗan wasa ya zaɓi jarumi, sai ya zaɓi tsarin da zai bi daga cikin shida, C da A da P na Capcom, S da N da K na SNK, ko wanne an ciro shi daga tsofaffin wasannin gidansu. Kuma saɓaninsu irin na nahawun Basra da Kufa ne, harshe ɗaya ake yi wa hidima, ƙa'idoji suka bambanta. Jama'a sun fi yawan magana a kan A, saboda jerin dukan da mai shi ke kwararowa ba tsayawa, amma ni a ganina hikimar tana cikin P da K. Mai bin P, wanda ya gaji Street Fighter III, idan naushi ya taho sai ya tura sandar gaba, wato ya nufi dukan da kansa daidai lokacin saukarsa, in ya dace ya kaɗe shi ba ko ƙwarzane ya sami sararin ramuwa, in kuwa ya kuskure ko da da ƙiftawar ido ne, ya sha shi cikakke, tun da ya riga ya saki kariya. Mai bin K, wanda ya ɗauko tasa dabarar daga wasan Garou na SNK, baya yake ja a daidai wannan lokacin, in ya dace a mayar masa da ɗan ƙarfin da ya rasa, in ya yi gaggawa ya faɗa cikin kariyar yau da kullum ba tare da wata asara mai yawa ba; sa'an nan aka haɗa masa da ma'aunin fushi na Samurai Shodown, wanda ke cika gwargwadon dukan da ya sha, har wanda ake ganin an gama da shi ya koma shi ne abin tsoro. Mas'ala ɗaya ce, amsa biyu, ɗaya ta mai kasada, ɗaya ta mai haƙuri, kuma an yarje wa Ryu ya bi ta SNK, Terry Bogard na Fatal Fury ya bi ta Capcom.

Daga nan ne na tabbata cewa gidajen wasan faɗa a wajen kariya suke rabuwa, domin jifa da ƙwallon wuta kowa ya kwafa daga kowa, amma abin da mutum zai yi sa'ad da ake dukansa, nan ne ko wane kamfani ya yi ijtihadinsa. Wasan haɗakar da ya kwaso jarumai ya bar wannan a gida, tufafi kawai ya aro.

Sauran suka ba ta da nauyi sosai. An ce hoton jaruma Morrigan tsohon yayi ne tun na Darkstalkers na 1994, gaskiya ne, kuma muni ne a ido, ba ya taɓa wasan. An ce kuskuren nan da ke bai wa mai mirginawa a C da A da N damar kai hari duka ba ya kama shi ya ɓata ma'auni, har ya tura P da S gefe a gasa. Wannan illa ce ta haƙiƙa, amma K, wanda ba ya mirginawa sam, ya ci gaba da samun mabiya a cikin gwanaye. An sake fitar da wasan a 2025 cikin Capcom Fighting Collection 2, kuma wanda ya same shi ya fara da K, ya jinkirta P sai hannunsa ya faɗa.