Jinjina ga Masu Jar Tuta

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure da Sandamu ya san ba ta rabo da manyan motoci, musamman ranar Lahadi da kasuwar Mai'adua ke ci. Ga kuma tifofin yashi da tsakuwa, tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021.

Inda duk aka toshe hannu ɗaya, akwai mai jar tuta tsaye cikin rana, sanye da riga mai ƙyalli, ƙura ta yi masa furfura. Shi ke tsayar da na kudu har na arewa su wuce, ya jera durom da duwatsu don direba ya hango ramin kwalbati tun daga nesa, ya tsallakar da 'yan makaranta. Zagin ɗan acaɓa mai gaggawa kuwa, haɗiye shi yake yi.

Masu jar tuta da jami'an kiyaye haɗurra sun cancanci yabo. Direba, in ka ga an ɗaga tuta, taka birki. Ranka ake karewa.