Jinjina Ga Masu Buɗe Akwatin Imel

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu gyaran kwamfuta ba su sarara ba. Mutum ya koma Windows 11, komai garau, sai imel ya ce atafau bai san shi ba.

Gwani ba ya gaggawar goge komai. Yakan fara gwada shiga akwatin ta burauza. In ya buɗe, kalmar sirri lafiyarta ƙalau, cutar tana cikin manhajar imel. Sai ya leƙa Credential Manager ya share tsohuwar kalmar da Windows ta riƙe. Har agogo yake dubawa, domin kwanan wata in ya karkace, manhaja kan ƙi amincewa da shaidar tsaron sabar imel. Idan Gmail ne a kan tsohon Outlook, ya san tun 2022 Google ya toshe shiga da kalmar sirri zalla, sai ya samo ta musamman mai haruffa 16.

Na kirkinsu kuwa ba ya tambayar sirrin kowa. Yakan tura kwamfutar gaban mai ita, ya kau da kai: "Alhaji, bismilla, sa da hannunka."