Alharini Ba Tsamiya Ba Ne

A labaran da ake rubutawa kan zamanin da, musamman na sarauta, da wuya a gama babi ba a sa wa wani "rigar alharini" ba. Sarki alharini, attajiri alharini, har liman ma alharini. Kalmar ta koma nufin tufa mai tsada kawai, alhali tana ɗauke da tarihin da zai yi wa labari amfani.

Asalinta Larabci ne, al-harir, wato siliki. Bahaushe ya haɗiye "al" ɗin cikin kalmar, kamar yadda ya yi da alƙalami da albasa. A kasuwar Kano ta ƙarni na 19 kuwa, alharini zare ne sananne: siliki ja mai ɗaukar ido, wanda ayarin raƙuma ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa siliki cikin kayan da ake shigowa da su daga can. Masaƙa kan ratsa shi cikin saƙa, a kuma yi wa babbar riga shafi da shi.

Tsamiya ita ce silikin gida. Wata tsutsa ce ke saƙa gidanta a jikin itatuwa, har da itacen tsamiya, inda sunan ya samo asali. Akan dafa gidan da ruwan toka, mata su kaɗa shi da mazari, zaren ya fito ruwan ƙasa, a yi aikin aska da shi a gaban riga. Yarbawa ma sun bambanta su: ja shi ne alaari, ruwan ƙasa kuma sanyan.

Marubucin da ya san wannan bambanci ya samu hanyar bayyana mutum ba tare da dogon bayani ba. Alharini a shafin riga yana nuna mai hulɗa da fataken hamada. Tsamiya a gaban riga tana nuna dukiyar da aka tara a gida da aikin hannu na watanni. Liman cikin alharini tsantsa kuwa tambaya ce babba, domin shari'a ta hana maza sanya siliki sai ɗan abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. In marubuci ya sa masa ita da gangan, ya faɗa mana wani abu game da halinsa. In kuwa cikin rashin sani ne, ya ɓata wa bawan Allah suna a banza.